Ƙwayar daji ba farasitamol ba ce

Iyayenmu mata na Gure, da mazan da ke sayo musu magani, ku saurara. Wata ɗabi'a na yaɗuwa: cikin mace ya kumbura, loma biyu ta ƙoshi, mara na ciwo, fitsari ba hutu, sai a ce kwantaccen ciki ne ko sammu. In aka gaji da jiƙe-jiƙe, likita ya ce dajin ƙwan mahaifa ne, sai a ɗauki hoton kwalin magani a waya a tura wa direba, ya sayo a Kano. Wasu ma ragowar ƙwayar mamaciya suke ba mai rai, wai kada a yi asara.

Ku bari, don girman Allah! Waɗannan ƙwayoyi, irin su olaparib da melphalan, dafi ne da aka auna. Suna kashe daji, suna kuma taɓa ɓargo, inda ake ƙera jini. Shi ya sa likita ke auna jini kafin a fara, ya riƙa sake aunawa. In ba haka ba, jini ya ƙare, zazzaɓi kaɗan ya kayar da mace. Mai juna biyu kuwa, ɗan cikinta ne zai fara cutuwa. Melphalan a firji ake ajiye shi. To, wane amfani ya rage masa bayan ya wuni a aljihun mota cikin zafin watan Afrilu, ko a farantin mai talla a kasuwa?

Ga kuma jabu. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin goma na magungunan ƙasashe irin namu jabu ne ko marar inganci. Ko Amurka, a 2012, an kama jabun maganin daji Avastin da babu ɗigon sinadarin a ciki. Mai jabu inda tsada take yake bi, maganin daji kuwa tsada gare shi.

Na san talauci ne ke tura mutane, da nisan hanya. Amma tun 2007 dokar Nijar ta ce a kula da dajin mata kyauta. Ku nemi haƙƙinku. A fara da likitar Gure, a karɓi takarda zuwa babbar likitar Damagaram, a ɗauki hoton ciki. In ta kama, a wuce cibiyar yaƙi da daji ta Yamai. Ragowar ƙwaya a mayar wa farmasi, kada yara su kai hannu.