Ɗanyen Ƙwai, Tsire da Tramol: Wanne ne Gaskiya a Abincin 'Yan Dambe?

Yawancin samarin da ke dambe da kokawa da takwando ba albashi suke ɗauka ba. Wani mahauci ne, wani ɗalibi, wani ɗan acaɓa, kuma daga aljihunsu kuɗin abinci ke fita. Ga shi kowa a wajen atisaye malami ne, kowa da shawarar da zai ba sabon shiga. Ya kamata a tace musu zancen.

An ce sai da nama ake ƙarfi. Akwai ƙamshin gaskiya, domin tsoka tana buƙatar furotin, wato sinadarin gina jiki, kafin ta murmure bayan atisaye. Masana abincin 'yan wasa suna ƙiyasta giram 1.4 zuwa 2 a kan kowane kilo na nauyin mutum a rana. Mai kilo 70 ke nan yana neman giram 100 zuwa 140. Sai dai ba a tsire da kilishi kaɗai ake samunsa ba. Wake, ƙosai, awara, ƙuli-ƙuli, nono da kifi duk suna ɗauke da shi, kuma sun fi sauƙin kuɗi. Abin da ke riƙe ɗan dambe har turmi na uku kuwa tuwo ne da fura da shinkafa da dankali, waɗanda jiki ke taskance ƙarfinsu a tsoka da hanta. Wanda ya guje su don kada ya yi teɓa, shi ne zai fara haki.

Batun cewa ɗanyen ƙwai ya fi dafaffe ƙara ƙarfi kuwa ƙarya ce tsagwaronta, ko da yake fim ɗin Rocky na 1976 ya yi mata talla a duniya. Ƙwai ɗaya yana da furotin kamar giram 6. Wani bincike na 1998 ya nuna jiki yana cin moriyar kusan kashi 90 cikin 100 na furotin ɗin dafaffen ƙwai, amma kusan rabi kawai na ɗanye. Ga kuma haɗarin ƙwayar cutar salmonela mai kawo zazzaɓi da gudawa. Haka zancen haɗa lemon malt da madara wai don ƙarin jini: sukari ne ya fi yawa a ciki, sinadarin ayon da jini ke buƙata kuwa a hanta da jan nama da wake yake.

Wadda ta fi ban tsoro ita ce dabarar rage nauyi kafin a hau sikeli. 'Yan takwando da boksin da judo suna fafatawa ne bisa rukunin nauyi, sai ka ga yaro ya daina shan ruwa, ya sa rigar leda yana gudu a rana, wai ai zai rama bayan awo. Nauyin yana sauka, gaskiya ne, amma ruwa ne ya fita ba kitse ba. Rasa ruwan da ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ya isa ya rage juriya da kaifin hankali, a wasan da ƙiftawar ido ke kai mutum ƙasa. A 1997 'yan kokawa uku na jami'o'in Amurka suka mutu cikin 'yan makonni suna wannan dabara. A Disambar 2015 ɗan wasan Sin Yang Jian Bing, mai shekara 21, ya rasu a Manila yana ƙoƙarin rage nauyi, har kamfanin da ke shirya gasar, ONE Championship, ya haramta yin hakan ta hanyar ƙishirwa. Ina ga mai yi a zafin Sakkwato ko Maraɗi cikin watan Afrilu?

Tramol kuma ba ya gina tsoka ko kaɗan. Zafin duka yake dusashewa, mutum ya ci gaba da wasa da tsagewar ƙashi bai sani ba, kuma yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya da jarabar da ke da wuyar bari. Tun 1 ga Janairun 2024 hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, ta haramta shi a lokacin gasa.

Masu horarwa da iyayen gidan 'yan wasa, ku riƙa tambayar yaranku abin da suka ci da ruwan da suka sha kafin a fara atisaye. Wanda ya ce fitsarinsa ya yi duhu, a zaunar da shi a inuwa ya sha ruwa tukuna.