Ko Ka San Dabarar Injin Niƙa?

Ko ka san rabin wahalar mai daka ba ta taɓa hatsi? Duk sanda mace ta ɗaga taɓarya, ƙarfinta ne ke tafiya, gero kuwa yana kwance a turmi, babu abin da ya same shi. Sai taɓarya ta sauko sannan aiki ya ci. Haka dutsen niƙa yake: a durƙusa, a tura, a jawo, a tattara tsaki a sake bi. Shi ya sa a da, a ƙauyukan Tofa irin su Doka da Lambu, tun asuba ake jin lugude, tuwon dare kuma ya cinye wa mace wuni.

Da dabara ɗaya injin niƙa ya kashe wannan kai da kawowa: juyi. Babu dutse a cikinsa. Faranti biyu ne na ƙarfe masu haƙora, ɗaya a kafe, ɗaya yana juyawa. Hatsi ya gangaro daga mazubi, wani murɗaɗɗen ƙarfe ya tura shi tsakaninsu. Tunda farantin ba ya tsayawa balle ya koma baya, kowane zagaye niƙa ne. Mai inji ya matse, gari ya yi laushi. Ya sassauta, a samu tsaki. Ƙarfin kuwa bel ne ke ɗauko shi daga inji, na dizal ko fetur ko lantarki. Cikin na dizal, wanda ya yi suna shi ne Lista, ƙirar kamfanin Lister da aka kafa a garin Dursley na Ingila a 1867.

Sai dai inji bai rage nisan hanya ba, rage zirga-zirga aikin gida ne. Gidan da ke aika yaro niƙa da safe, markaɗe da rana, wani niƙan da yamma, ya mayar da wahalar taɓarya ƙafar yaro. A surfa dawa ko masara ta kwanaki a zama ɗaya, a shanya ta bushe sosai, domin danshi kan toshe haƙora kuma garin ba ya ajiyuwa. A haɗa ta da waken ƙosai da geron koko a tafiya guda.

Ku kuma masu inji, haƙoran nan suna cinyewa, burbushinsu kuma a gari yake ƙarewa. In kun wasa faranti, ku fara zuba dusa ta share shi kafin ku karɓi hatsin mutane, domin abin da ya fito daga injinku shi yara za su ci da dare.