Hannun Gado a Cikin Cutar Huhu Mai Daɗewa ta Jarirai Bakwaini

Jaririn da aka haifa watanninsa ba su cika ba, watau bakwaini, huhunsa bai gama ƙosawa ba. Likitoci sukan taimake shi da iskar oksijin da na'urar hura numfashi, amma wannan taimako shi kansa yakan yi wa ɗanyen huhu lahani. In aka lissafa daga farkon ciki har mako 36 ya cika, jariri yana nan yana bukatar ƙarin oksijin, sai a ce ya kamu da cutar huhu mai daɗewa. Likita William Northway na Jami'ar Stanford a Amurka, shi da abokan aikinsa, su ne suka fara bayyana ta a 1967.

To, abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne, akan sami jarirai biyu, nauyinsu ɗaya, jiyyarsu ɗaya, wannan ya kamu, wancan ya tsira. Don su gane dalili sai suka koma ga tagwaye. Tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya gadonsu duka ɗaya ne. Na ƙwai biyu kuwa wajen rabi kaɗai suka haɗa. In cuta ta fi kama na farkon su biyu tare, lalle gado yana da hannu. Haka kuwa aka samu. A 2006 Vineet Bhandari da abokansa suka duba haihuwar tagwaye 450, suka ƙiyasta rabon gado kashi 53 cikin 100. A 2008 Pascal Lavoie na Kanada ya sami kusan kashi 80.

Amma fa gadon nan iri biyu ne. Na farko ba shi da yawa, sai dai yana da tsanani. A cikin 'yan jakunkunan iska na huhu akwai wani ruwa mai santsi da ake kira safaktan, wanda yake hana su mannewa in an fitar da numfashi. In ƙwayar gado guda daga cikin masu sarrafa shi ta ɓaci, kamar ta SP-B da aka gano lahaninta a 1993, ko ABCA3 a 2004, ko jaririn da watanninsa suka cika yakan kasa numfashi. Sai ya gaji ɓatacciyar ƙwayar daga uwa da uba duka, kamar dai yadda ake gadon sikila, don haka auren zumunta yakan ƙara hatsarin.

Na biyu shi ne ya shafi yawancin bakwaini. A nan ƙwayoyi ne masu yawa, kowace da ɗan tasirinta. A 2011 masana a Faransa suka nuna wata mai suna SPOCK2, amma babban binciken da aka yi a Kalifoniya a 2013 bai sami ko ƙwaya ɗaya da za a ɗora wa laifi ba.

Ma'anar wannan ita ce, ga yawancin jarirai gado yana raunana huhu ne, haihuwa kafin lokaci ita ce babban sanadi. Saboda haka rigakafi yana ga kula da awon ciki, da allurar ƙosar da huhun jariri wadda akan yi wa uwa in naƙuda ta zo da wuri, da kuma ba jariri oksijin daidai gwargwadon bukatarsa.