Idan sabar ta mutu, wa zai karɓi aiki?

Ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin bayanai na kamfanin OVHcloud a Strasbourg, Faransa. Waɗanda suka ajiye kwafin bayanansu a gini guda da sabarsu sun tashi ba wan ba ƙanen.

Maganin shi ne sabar ta biyu a wani gari dabam, ana kwafa mata bayanai a kai a kai. Wata manhaja kuma tana taɓa ta farko duk bayan 'yan daƙiƙoƙi. In ta ji shiru, misali sau uku a jere, don sau ɗaya yana iya zama tangarɗar layi, sai ta karkatar da masu shiga zuwa ta biyun, ta aika wa injiniya saƙo.

Amma fa a riƙa kashe ta farkon da gangan lokaci-lokaci, a ga ko ta biyun za ta ɗauka.