Jinya Mai Tsanani da Saukar Sinadarin Tayirod: Wa Ya Fi Shiga Haɗari?

Mutum yana kwance a asibiti, zazzaɓi ya ƙi sauka ko ƙoda ta gaza, sai a haɗa da gwajin tayirod cikin gwaje-gwajen jinin da za a yi masa. Takarda ta dawo, an ja layi a ƙarƙashin sinadarin T3 saboda ya faɗi ƙasa da ƙima. Nan take hankalin masu jinya ya tashi, ga ciwon da ya kawo su, ga kuma wani sabo wai a wuya. Sau da yawa babu wani sabon ciwo. Tayirod ɗin lafiyarta ƙalau, jinyar ce ta sauke sinadarin, kuma idan aka samu sauƙi yakan koma daidai da kansa. Likitoci sun san wannan yanayi tun shekarun 1970, kuma a ɗakin kulawa ta musamman ba baƙon abu ba ne: akasarin waɗanda ciwo ya galabaitar da su ana samun T3 ɗinsu a ƙasa.

Tayirod wata ƙwaya ce a gaban wuya, ƙasan maƙogwaro, ita ce idan ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Aikinta fitar da sinadaran da ke daidaita saurin ƙona abinci a jiki, da ɗumin jiki, da bugun zuciya. Mafi yawan abin da take fitarwa T4 ne, amma T3 shi ne mai ƙarfin aiki, kuma kusan kashi 80 cikin 100 nasa ba a wuya ake yin sa ba. Hanta da ƙoda da sauran sassan jiki su ke juya T4 ya zama T3. Daga sama kuma akwai wata 'yar ƙwaya a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa mai aiko da TSH, wato umarnin a ƙara ko a rage. To idan ciwo ya yi tsanani, sinadaran da garkuwar jiki ke saki wajen yaƙi da cuta sai su rage wannan juyi. T3 ya sauka, wani nau'i nasa marar aiki da ake rubutawa rT3 ya hau, TSH kuwa ya tsaya yadda yake ko ya ɗan yi ƙasa. Kamar uwargida ce da ta ga hatsi ya ja baya a rumbu ta rage awo don ya kai su kaka: jiki ya rage kashe ƙarfi har wahalar ta wuce.

Wanda ya fi kowa shiga wannan hali shi ne wanda ƙwayoyin cuta suka bazu a jininsa, ko ciwon huhu ya kwantar da shi, ko tarin fuka ya ci jikinsa, ko cutar ƙanjamau ta yi nisa. An ga haka sosai a masu korona da suka kai ga kwanciya. Sai wanda aka yi wa babbar tiyata, musamman ta zuciya, inda T3 kan fara sauka cikin sa'o'i kaɗan. Haka wanda ya yi mummunan haɗarin mota, ko ya ƙone da wuta, ko bugun zuciya ya same shi. Mai ciwon siga da sigarsa ta hau har ya fita hayyacinsa shi ma yana ciki. Tsofaffi da jariran bakwaini sun fi saurin nunawa, don ajiyar ƙarfinsu kaɗan ce.

Masu ciwon ƙoda da na hanta kuwa lamarinsu ya fi daɗewa, tunda gaɓoɓin da ke yin juyin ne da kansu suka raunana. Mai zuwa wankin ƙoda zai iya yin watanni gwajinsa yana nuna T3 a ƙasa ba tare da tayirod ɗinsa ta taɓu ba.

Abin da ya fi damuna a yankinmu abu biyu ne. Na farko yunwa. Ba sai an yi wani ciwo ba, rashin abinci kaɗai yana sauke T3 cikin kwana ɗaya zuwa biyu idan mutum ya daina ci gaba ɗaya. Ba azumin da ake sahur a sha ruwa da magariba nake nufi ba, ina nufin yunwa mai ɗorewa. Yaron da tamowa ta kama, gashi ya yi ja ya sassauta, ƙafa ta kumbura har idan ka danna da yatsa sai gurbin ya zauna, jikinsa sanyi, ba ya ko son wasa, idan aka auna jininsa za a tarar T3 ya yi ƙasa. Wannan yaro ba maganin tayirod yake buƙata ba. Madara da abincin tamowa da ake bayarwa a asibiti, da maganin cutar da ta raka yunwar, su ke dawo da sinadarin. Budurwar da ta hana kanta abinci don ta rame har abin ya zama ciwo, ita ma jikinta haka yake yi.

Na biyu magunguna. Deksametason da firedinisolon suna danne TSH, suna kuma rage juya T4 zuwa T3. Kuma mun san yadda ake sayen deksa a kemis ba takardar likita, wasu don ciwon gaɓɓai, wasu mata kuma don ƙiba, abin nan da ake kira sha-ka-fashe. Mace ta yi wata da watanni tana sha, ciwo ya kai ta asibiti, a tambaye ta ko tana shan wani magani ta ce a'a don kunya. Sakamakon gwajinta zai rikita likita, kuma tsayar da maganin farat ɗaya yana da nasa haɗarin ga rai. 'Yar'uwa, faɗi gaskiya, likita ba alƙali ba ne. Akwai kuma magungunan da asibiti ke bayarwa da kansa waɗanda ke taɓa sakamakon, kamar dofamin da ake sa wa wanda jininsa ya faɗi, da amiyodaron na daidaita bugun zuciya. Waɗannan likita ya san da su.

Me ya sa duk wannan ya zama abin faɗakarwa? Saboda kuskuren da ke biyo baya. Wani ya ɗauki takardar ya nufi kemis, a ba shi lebotairoksin, wato maganin tayirod, ya kama sha har shekaru alhali bai taɓa buƙata ba. Binciken da aka yi a kan masu jinya mai tsanani bai nuna cewa ba su wannan magani yana ƙara musu tsawon rai ba. Idan kuma ya yi yawa a jiki yana kawo faɗuwar gaba, da rikicewar bugun zuciya, da raunin ƙashi, abin da dattijo mai ciwon zuciya ba zai iya ɗauka ba. Shi ya sa ƙwararru ba sa son a yi gwajin tayirod ga wanda ke tsakiyar jinya sai da dalili mai ƙarfi. Amfanin da sakamakon ke da shi a lokacin shi ne nuna nauyin ciwon: idan har T4 ma ya faɗi sosai, alama ce jikin ya jigata, a ƙara sa ido.

Amma kada a ɗauka duk saukar sinadari a gadon asibiti ta wucin gadi ce. Wanda ke da maƙoƙo tun da can, ko aka taɓa yi masa tiyata a wuya, ko TSH ɗinsa ya haura 20, akwai yiwuwar tayirod ɗin ce da kanta ta gaza. Sannan macen da ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa, daga baya nono bai kawo ba, al'ada ba ta dawo ba, kullum kasala da jin sanyi, a gaya wa likita wannan tarihi dalla-dalla. Zubar jinin na iya lalata ƙwayar da ke aiko da TSH, sakamakonta kuma ya yi kama da na mai jinya, alhali ita tana buƙatar magani na dindindin, kuma sai an fara duba wani sinadarin, kotizol, kafin a ba ta na tayirod.

Ga wanda aka sallama, a adana takardar gwajin, a koma a sake aunawa bayan kamar mako 6 da warkewa. Idan aka yi gaggawa, ana iya samun TSH ya ɗan hau a lokacin murmurewa, a ɗauka tayirod ce ta gaza, alhali jikin ne yake komawa aikinsa.