Kalangu, Makirfo da Bangon Ɗaki

Kalangu magana yake yi: makaɗi ya matsa tsarkiya a hammata, murya ta hau ko ta sauka bisa karin harshen Hausa. Amma in aka ɗauki kiɗan a ɗakin siminti mai rufin kwano a Ɗanzomo, maganar takan dagule. Dalili kuwa, sauti na gudun kimanin mita 340 a daƙiƙa, ya daki bango ya komo ya danne bugu na gaba. Kunnuwa da ƙwaƙwalwa sukan tace wannan amsa-kuwwa. Makirfo ba ya iyawa.

Maganinsa soron ƙasa mai azara, a rataya barguna, a ajiye makirfo mai jure ƙara, irin Shure SM57, taƙi guda daga fatar. In aka yi sake, tsofaffin makaɗan ƙasar Gumel za su shuɗe da takensu.