Shin Ko Kun San? Sufurin Accra Daga Tashar Nima Zuwa Wayar Hannu

Shin ko kun san cewa har gobe trotro, wato ƙaramar bas ta haya, ita ce uwar sufuri a Accra? Kusan kashi 70 cikin 100 na masu shiga mota a birnin ita suke hawa. Wanda ke shakka ya tsaya bakin titin Nima ranar Laraba, ranar kasuwa, ya ji yaran mota na ƙwala kiran Circle da Accra, ga buhunan albasa da hatsi ana ta lodi. Yawancin direbobin nan suna ƙarƙashin ƙungiyar direbobi ta GPRTU.

Shin ko kun san cewa sai a 2015 aka zauna aka zana taswirar hanyoyin trotro? Hukumar birnin Accra da hukumar raya ƙasashe ta Faransa, AFD, suka tura mutane da wayoyin hannu suna hawa mota suna sauka, wayar na naɗe duk inda aka bi. Hanyoyin da aka gano sun haura 300. Kafin nan taswirar tana cikin kan direba da yaronsa ne kawai, baƙo kuwa sai tambaya.

Shin ko kun san cewa motocin Aayalolo, da suka fara aiki a ƙarshen 2016 tsakanin Amasaman da tsakiyar Accra, da kati aka riƙa biyan kuɗinsu a farkon aikinsu? An so su riƙa gudu a layinsu na kansu, amma ba a keɓe musu layin ba sai a ɗan guntun wuri, sai suka faɗa cunkoso ɗaya da kowa. A 2018 suka tsaya cak saboda rashin kuɗi, suka dawo a shekarar da ta biyo. Ni a ganina laifin ba na katin ba ne. Titin ne ba a gyara ba.

Shin ko kun san cewa manhajar kiran mota ta Uber ta shigo Accra a watan Yunin 2016, Bolt ta biyo baya da tsohon sunanta Taxify, sannan Yango a 2019? Sun taimaka ƙwarai, musamman ga mai mara lafiya da tsakar dare da matar da ba ta son tsayuwar ciniki da direban tasi. Amma mutumin unguwar Maamobi ya san iyakarsu. Direba zai iso bakin babban titi ya bugo waya: "Alhaji, ina kake?" Sai a koma kwatancen gargajiya, bayan masallaci, kusa da mai koko, ka wuce babban gwata. Tun Oktoban 2017 aka ƙaddamar da GhanaPost GPS, wanda ya yanka ƙasar baki ɗaya zuwa ƙananan filaye masu mita 5 tsawo mita 5 faɗi, kowanne da lambarsa. Ke nan ɗakin da ke can ƙuryar Nima ma yana da adireshi. Sai dai lungun da mutum biyu ke goga kafaɗa kafin su wuce, ko da lamba mota ba ta shigarsa, balle motar asibiti ko ta kashe gobara. Nan ne damuwata take.

Shin ko kun san cewa abin da ke shiga waɗannan lunguna, wato okada, babur ɗin haya, dokar hanya ta 2012 ta haramta ɗaukar fasinja da shi don kuɗi? Haramcin bai hana samari da dama na zango ciyar da iyalansu da babur ba. John Mahama ya yi alkawarin halatta sana'ar a yaƙin zaɓen 2020, kuma bayan dawowarsa mulki a Janairun 2025 gwamnatinsa ta ɗauko gyaran dokar. Kano ta bi wata hanyar: ta hana acaɓa a Janairun 2013, mai ƙafa uku, wato A Daidaita Sahu, ta maye gurbin. A Nima ko mai ƙafa uku ba ko'ina take shiga ba, don haka rajista da hular kwano da inshora sun fi kamu da kora amfani.

Shin ko kun san cewa MoMo, wato tura kuɗi ta wayar hannu, ta fara a Ghana tun 2009, kuma daga Mayun 2018 ana iya tura kuɗi daga layin wani kamfani zuwa na wani? Harajin E-Levy da aka ɗora kan tura kuɗi ta waya a 2022 ya sa wasu suka koma riƙon tsabar kuɗi, aka soke shi a Afrilun 2025. A Fabrairun 2024 kuma aka ƙaddamar da katin Tap n' Go a motocin Metro Mass. Duk da haka, a cikin trotro har yanzu sidi ne hannu da hannu, da rigimar canji kullum safiya.

Shin ko kun san cewa a Nuwamban 2024 aka ƙaddamar da rukunin farko na bas masu amfani da lantarki a Accra? Jirgin ƙasa na sama, SkyTrain, da aka rattaba hannu a kansa a 2019, shi kam ba a gina shi ba.

Tun 2018 Nima ke ƙarƙashin ƙaramar hukumar Ayawaso ta Gabas, Maamobi kuma Ayawaso ta Arewa, ga asusun raya zango da aka kafa da dokar 2017. Kiranmu gare su shi ne su zauna da sarakunan zango da limamai da direbobi a fitar da hanyoyin gaggawa a cikin unguwa, a sa trotro da okada cikin duk wani tsarin kati ko manhaja da za a kawo. Ku kuma matasa masu ilimin kwamfuta, ku ɗauki wayoyinku ku saka lungunanku a taswira. Babu wanda ya fi ku sanin su.